Sallahu ga Motar da Ba Ta Tsayawa

Samarin da ke taruwa a rumfata bayan la'asar suna da wata magana da ke ba ni dariya, wata rana kuma ta ba ni haushi. Cewa suke yi wai aikin haɗa na'ura da na'ura an gama shi tun kafin a haife su: ka kunna waya, ka ga sandunan rezo, wato sabis, sun miƙe, shi ke nan. Akwai wanda ya dubi tsabar idona ya ce in na ba shi mako guda zai rubuta abin da na yi shekaru ina rubutawa. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, amma kafin ya fara ya gyara zama ya ji yadda aka kusa share aikin nan nawa gaba ɗaya, ba don gobara ko ɓarawo ba, sai don gaisuwa.

Bari in fara da abin da nake yi, don har yau rabin Dakoro sun ɗauka gyaran rediyo ne. Kowace na'ura tana da uwar manhaja, wadda ke gaya mata yadda za ta farka, ta yi aiki, ta yi magana da 'yan'uwanta. Wasu na kamfani ne, a rufe suke ruf. Tamu kuwa gayya ce. Kowa na iya buɗe ta ya karanta, ya ga inda ciyawa ta fito, ya nome, ya kawo a duba. In an yarda da aikinsa sai a haɗa shi da na jama'a, kowa ya ɗiba kyauta. An yi ta ne domin ƙananan akwatuna marasa ƙarfi, masu 'yar ƙwaƙwalwa da ɗan batir. Yankin da nake nomewa a wannan gona shi ne sashen sadarwa, wato duk abin da ke faruwa da saƙo tun daga barinsa hannun mai shi har ya isa inda aka aike shi.

Aikina na farko a gayyar layi ɗaya ne tak. Lokacin ina tsaron wani sibar a Maradi, inda mutane ke zuwa su hau ordinatar, wato kwamfuta, bayan na gama lise, babbar sakandare, ban samu wucewa gaba ba. In babu kowa sai in yi ta karanta kod ɗin manhajar nan, wato layukan umarnin da aka gina ta da su, ina gane rabi ina haɗiye rabi. Ran nan na lura cewa in rezo ya ɗauke ana tsakiyar aika abu, manhajar ba ta sakin wurin da ta tanada a ƙwaƙwalwa, sai ta yi ta tarawa har akwatin ya shaƙe ya sume. A ƙasashen da rezo ba ya ɗaukewa babu wanda zai taɓa gani. Mu da yake zo mana yana tafiya kamar baƙon kasuwa, ai dole mu gani. Na gyara layin, na aika, ina jin kaina a sama.

Amsar da ta dawo ta fi gyaran nawa tsawo nesa ba kusa ba. Mai duba sashen wani dattijo ne a wata ƙasa mai sanyi, ban taɓa ganin fuskarsa ba har yau. Ni na laƙaba masa Sarkin Noma, tunda shi ke cewa an nome ko ba a nome ba. Ya ce na gano ciwon daidai, amma ƙafar da ba ta karye ba na ɗaure. Babu sallama, babu sannu da aiki, haka yake rubutu. Na kwana biyu ina fushi, sannan na koma na karanta, na ga gaskiya gare shi. A hannun mutumin nan na koyi sana'a. Ya sha dawo mini da aiki har in ji kamar in jefa ordinatar a rijiya, kuma kullum maganarsa ɗaya ce: kada ka gaya mini abin da kake tsammani, nuna mini abin da na'urar ta yi.

Da na dawo gida Dakoro kayan aikina ba su cika jaka ba. Tsohuwar ordinatar ce da murfinta ya karye, sai na jingina shi da bulo, da ƙarfen dalma da nake sawa a garwashi in babu kuran, wato wutar lantarki, da fano guda na hasken rana a kan rufi. A watan zafi akwatunan gwaji kan yi zafi su fara shirme, sai in jera su a gindin randa, uwargidana Zara'u tana mita wai na mai da wurin ruwanta biro irin na ma'aikatan gwamnati. Da rana ina gyara wa ma'aikatu injinan buga takarda don a ci tuwo, in na samu sarari in koma gonar gayya.

Babban aikin ya zo ne da ƙafar Majo Rabi, babbar ma'aikaciyar jinya wadda ke riƙe da wani ƙaramin gidan likita a bakin hanyar arewa, wajen Azagor. Mace ce ba ta da wasa, ta shigo rumfata ko zama ba ta yi ba. Ta ce inda take babu rezo sam, in tana son magana da ma'ajiyar magani ta Dakoro sai ta hau babur ta yi tafiya mai nisa zuwa wani tudun yashi, ta ɗaga waya sama tana jira.

"Mushe Lawali, ni ba hira nike so ba," in ji ta, don Mushe ake ce mini, wato Malam a bakin masu Faransanci. "So nike in maganin yara ya kusa ƙarewa, Dakoro su sani, ba sai na bar majinyata kwance na tahi neman tudu ba."

Na yi kwanaki ina juya maganar. Duk tsarin sadarwar da muka gada an gina shi ne a kan cewa hanya a buɗe take daga nan har can, yanzu-yanzu. Ka aika, ka ɗan jira, in ba amsa ka ce ɗayan ya mutu, ka zubar da komai. To mu ai ba haka muke aike ba. Mu sallahu muka sani: ka ba matafiyi magana, ya riƙe ta a bakinsa, ya isar ran da Allah ya kai shi, amsa ta dawo kasuwa mai zuwa. Sai na ce me zai hana akwatuna su yi haka? Ɗaya a gidan likita, ɗaya a ɗaure a motar kasuwa, ɗaya a ma'ajiyar magani. In mota ta zo kusa, na gidan likita ya miƙa wa na mota saƙo ta ɗan rediyonsa, na mota ya riƙe har Dakoro.

Faɗa da baki ya fi sauƙi. Sashen sadarwa hawa-hawa ne. Na ƙasa shi ke magana da rediyo, na bisansa ya san adireshin kowa, na gaba ya yanka saƙo gunduwa-gunduwa ya tabbatar an haɗa su daidai a can, sannan na sama inda mai aiki ke rubutu. Ka taɓa ɗaya, sauran su yi kuka. Sai da na sake agogon jira gaba ɗaya, don na da ƙiftawar ido ya sani, ni kuwa mai haƙurin mako nake nema. Sai da na koya wa akwatin ajiye saƙo inda ba zai ɓace ba ko batir ya mutu. Duk wannan kuma a cikin ƙwaƙwalwar da hoto ɗaya na wayoyinku ba zai shiga ba. Na sa wa sabon hawan suna sallahu, haka yake a rubuce cikin kod ɗin har gobe.

Akwai kuma gaisuwa. Na'urori ba sa fara magana sai sun gaisa, wannan a ko'ina haka yake: wane ne kai, ga sunana, ga mabuɗin sirri, kana ji na, ina jin ka. Ni kuma da na zo sai na ga gaisuwar ta yi gajarta. Na ƙara musu tambayar ƙarfin batir, da daidaita agogo, da labarin akwatunan da aka gamu da su a hanya, da jerin abin da kowa ke ɗauke da shi, sannan a shiga maganar da ta kawo su. Kowace tambaya da amfaninta. Sarkin Noma ya ce gaisuwar ta yi tsawo, na ce masa lokaci muna da shi. Ya ce in nuna masa, na kuwa nuna masa, don a shekarar farko ko saƙo ɗaya bai faɗi ba.

Motar da muka ɗaura wa akwati ta Alhaji Illa ce, tsohon direba da ya san kowace bukka a hanyar arewa. Wata ƙungiya ta sayi akwatuna aka ƙara wa wasu gidajen likita. Aka karɓi sallahu cikin uwar manhaja, sunana ya shiga cikin na masu gayya. Na yi murna ƙwarai, har rago na yanka. Ashe ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mugunyar. Idon Alhaji Illa ya yi rauni, ya miƙa motar ga ɗan ƙanensa Sani. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, mota ce dai, hanya ce dai. Sai saƙo ya fara yankewa, yau ya zo, gobe shiru, daga baya shirun ya zauna daram. Majo Rabi ta koma hawan tudu. Da ta shigo gari ta ce mini akwatina ya mutu. Na tambaye ta ko motar na zuwa, ta ce kowane mako tana ganinta da idonta.

Na hau babur na tafi da akwatin gwaji a jaka. Na isa, na yi sallama, aka kawo mini ruwa, muka gaisa da Majo da maigadi da masu jinya, na buɗe jaka na tarar saƙo duk ya shige lafiya lau. Na dawo na kwance na motar Sani a tasha, na gwada, ƙalau. Na zargi zafi, na zargi batir, na sake eriya, na sake waya, na bi kod layi-layi har idona ya yi ja. Duk inda na je abu ya yi aiki, da na juya baya ya mutu. Ƙungiyar ta janye hannunta. A wani gidan likita na tarar an cire batirin ana cajin waya da shi, a wani kuma akwatin ya zama matashin ƙofa. A tasha aka sa mini suna Mai Akwatin Kurma.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Sarkin Noma ya rubuto cewa masu gayya sun yi shawara: sallahu ya yi nauyi, yana hana wasu gyara nasu sashen, kuma babu shaidar yana aiki a ko'ina. Za a fitar da sabon zubin manhajar bayan kaka, in mun yanke gero. In kafin nan ban kawo shaida daga hanya ta gaskiya ba, za a cire shi. Abin da aka cire a gayya kuwa da wuya ya dawo. Maganar ta buge ni sosai, don ƙuruciyata ce kacokan a cikin layukan nan.

Da dabara ta ƙare sai na yi abin da ya kamata in fara da shi, na shiga motar kasuwa na zauna kusa da Sani. Yaro ne mai zafin nama, ƙafarsa ba ta barin totur. Muna ta tafiya har na hango rufin gidan likitan Majo Rabi, na fara gyara hula zan sauka. Sai ji na yi ya danna oda sau ɗaya, Majo ta ɗaga hannu daga baranda, muka wuce fuu.

Na ce, "Sani, ba ka tsayawa?"

"In yi mi? Ba mai sauka, ba mai hawa."

"Ko gaisuwa?"

"Ai na yi mata oda, Mushe."

Nan na gano bakin zaren. Alhaji Illa bai taɓa wuce ƙofar da ya sani ba sai ya kashe mota, ya sauka, ya tambayi lafiyar kowa har da awaki, wani lokacin ya jira a dafa shayi. A cikin wannan zaman akwatuna ke gama doguwar gaisuwarsu su miƙa saƙo. Ni ma duk zuwan da na yi haka na yi. Majo ba ta ce mota ba ta tsayawa ba don ban tambaye ta ba, ni kuwa ban tambaya ba don ko a mafarki ban kawo cewa ɗan Adam zai wuce gidan mutane bai tsaya ba. A motar Sani akwatunan ba su kai ga tambayar batir ba an rabu.

Na roƙe shi ya riƙa tsayawa, ya ce to, irin to ɗin da kowa ya san ma'anarsa. Ni kaina na san ba a gyara sadarwa da roƙon direba, don gobe wani direban ne. A kasuwar da muka sauka na yanke shawarar kwana don in duba wani akwati. Mota ta cika, ta tashi, sai na tuna ban aika wa Zara'u ba. Na bi ta da gudu, na hango maƙwabcinmu Baba Idi a saman buhuna, na ɗaga murya.

"Baba Idi, ka ce ma gida sai jibi!"

"Na jiya!" in ji shi, mota ta sha kwana.

Na tsaya ina haki a tsakiyar hanya. Mutumin da a gida ba na wuce shi sai na durƙusa, yau ko ina wuni ban ce masa ba, kuma babu wanda ya ga laifina. Kowa ya san sallahun mota mai tafiya haka ake ba da shi: magana tukuna, mafi muhimmanci a gaba, gaisuwa sai an haɗu. Tun ina yaro na san wannan, akwatunana ne kawai ban koya wa ba.

Gyaran ya ci sauran rani da farkon damina. Na sa akwatin mota ya riƙa kira tun daga nesa, na gidan likita kuma da ya ji kiran ba tambaya, sai ya jefa saƙo. Tunda babu lokacin musayar mabuɗi, sai a rufe saƙon tun yana ajiye, da mabuɗin da Dakoro kaɗai ke iya buɗewa. Kowace gunduwa na sa ta tsaya da ƙafarta, in rabi ya shiga yau, mako mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya. Maganar magani a gaba, rahoton wata a baya. Gaisuwar ban zubar da ita ba, na mai da ita ƙarshe, in akwai lokaci a yi. Wannan ya taɓa hawan ƙasa, inda aikin mutane da yawa ya ratsa, don haka Sarkin Noma ya yi ta dawo mini da shi, ina gyarawa ina cije haƙora.

Gwajin kuwa unguwarmu ba za ta manta da shi ba. Na ɗaure akwati a bayan babur, na ajiye ɗaya a ƙofar gida, Zara'u ta zauna tana kallon fitilarsa, wadda ke yin kore in saƙo ya shige. Sai in tafi ƙarshen layi in taho a guje in wuce ƙofata ban ko waiwaya ba, in zagayo in tambaye ta ko ta yi kore. Maƙwabta suka fara zuwa yi mata jaje a ɓoye, wata tsohuwa har ta kawo rubutu a ba ni in sha. Ranar da fitilar ta yi kore ina kan gudun da ya fi na Sani, Zara'u ta yi guɗa, sai suka tabbatar abin ya kama mu mu biyu.

Na zaga na sa sabon kod a akwatunan, ban gaya wa Sani komai ba. Damina ta yi nisa, lokacin da masassara ke kwantar da yara. Ran kasuwa na je ma'ajiyar magani na zauna gaban ordinatar tun azahar. Kafin magariba motar ta shigo gari, ta bi ta gaban ma'ajiyar a guje kamar kullum. Fitila ta yi kore. Sai ga rubutun Majo Rabi a kan allo, tana cewa maganin masassara na yara saura kaɗan, a taimaka kafin mako ya fita. Ma'ajin ya karanta, ya dube ni, ya tashi ya fara haɗa kwali. Ni kuwa daɗi ya hana ni tashi daga kujera.

Da safe muka kai kwalin tasha. Sani ya karanta sunan da ke jiki, ya ce shi bai ga Majo ta shigo gari ba, wa ya kawo sallahun? Na ce shi ya kawo. Ya ce shi fa bai tsaya ba. Na nuna masa akwatin da ke bayan kujerarsa, na yi masa bayani, har da cewa in an samu sarari sukan gaisa daga baya. Ya dubi akwatin ya ce:

"Wato akwatin ga shina gaida mutane, ni ina wucewa? A'a, Mushe. Ba ni yarda a ce ƙarhe ya hi ni ladabi. Daga yau tsayawa nike."

Shaidar da Sarkin Noma ke jira ita ce ta motar da ba ta tsayawa, in Sani ya shiryu yanzu na shiga uku. Ni da na roƙe shi ya tsaya, ni ne kuma na riƙe hannunsa a gaban 'yan tasha ina roƙon ya ci gaba da rashin ladabinsa har a yanke gero. Ya ce shi bai taɓa ganin dattijo irina ba, amma ya yarda.

Haka ya yi ta wucewa fuu har kaka, saƙo na zuwa ba fashi, daga Majo Rabi da sauran gidajen da aka mai da wa batiransu. Na tattara abin da akwatunan suka rubuta da kansu, lokacin haɗuwa da na rabuwa da abin da ya shige a tsakani, na aika ban ƙara ko kalma tawa ba. Amsar Sarkin Noma ita ce mafi gajarta da ya taɓa yi mini. Ya ce abin yana aiki, sallahu ya zauna. A ƙasa kuma, karo na farko tun da na san shi, ya tambayi lafiyata da ta iyalina.

Wannan shi ne aikin da za a rubuta a mako guda. Na tashi a ranar na tafi tasha da ƙafata, na sami Sani yana ɗaurin kaya, na ce masa an sake shi, ya je ya yi ladabinsa. Tun daga lokacin bai ƙara wuce ƙofar Majo Rabi ba sai ya kashe mota, ya sauka, ya gaida kowa, har shayi yake jira, wai don akwatuna su samu su yi maganarsu a natse. Ban taɓa gaya masa ba, amma tun kafin ya taka birki sun gama.